Shekarar da Na Hura Wutar Maƙera a McLeansville

Nana, Bashir, da ku jikokina idan Allah ya sa kun iya karanta Hausa wata rana, wannan babin a kan shekarar da na hura wutar maƙera ne. Na san kowa a gidan nan yana da nasa labarin shekarar. Na uwarku Hadiza shi ne taurin kaina ya motsa. Na mutanen masallaci shi ne tsufa ya fara taɓa ni. Naka kuwa, Bashir, ban san shi ba, tunda ba ka taɓa zama ka faɗa mini ba. To ga nawa, kuma ba don in roƙi kowa afuwa nake rubuta shi ba.

Ni ɗan maƙera ne. Ubana Mamman maƙeri ne, ubansa Sama'ila maƙeri ne, a ƙasar Adar, can arewa da Tawa a Nijar. Kakana yana cikin waɗanda suka sari dajin da ya zama garinmu. Ba shi ya yi jagora ba, amma mai jagoran ya ƙi tashi da ayarinsa sai da ya sami maƙerin da zai bi su, domin idan gatari ya karye a tsakiyar daji babu kasuwar da za a je. Da suka kafa gari sai suka ba kakana wuri a gefe, ta gabas. Da gatarinsa suka yi sassabe, da hauyarsa suka yi noma, da kaka kuma su aiko masa da damman hatsi. Amma ba sa ba shi 'yarsu, ba sa auren tasa. Haka na tashi na tarar, ban kuwa taɓa jin malamin da ya kawo aya ko hadisi a kai ba.

Lakwal, wato makarantar boko, ita ce ta raba ni da maƙera. Na koyi gyaran injuna, na yi aiki a Yamai, daga baya na biyo sahun 'yan ƙasarmu zuwa birnin Greensboro a Amurka. Mun fara zama a wani ɗan gidan haya a unguwar Glenwood cikin ɗalibai, inda uwarku ta koyi hawan bas da goyo, sannan muka koma gabashin gari. A masana'anta na ƙare ƙuruciyata. Kowa ya san ni da Malam Isufu mai gyaran injuna. Ban ɓoye asalina ba, ban kuma yi shelarsa ba. Babu wanda ya tambaya, kowa ta cikinsa yake yi.

Da na yi ritaya sai zaman gida ya ishe ni, ni ma na ishi uwarku. Gab da babbar salla ta shekarar ta kore ni in je in nemo rago, ta ce ko ban samu ba kada in dawo da wuri. Na bi hanyar McLeansville wajen manoman da muke saye a hannunsu, na ɓata hanya, sai na faɗa wata tsohuwar gona da aka mayar gidan tarihi. Ɗakuna ne na gungumen itace, da rijiya, da wani tsohon amalanken dawaki a ƙarƙashin rumfa. Mai kula da wurin wata dattijuwa ce baƙar fata, Mis Loretta, tsohuwar malamar makaranta. Ba ta da baƙo ranar, sai ta kama ni.

Shekaruna da yawa a ƙasar nan, amma sai ranar na ji yadda aka zauna ta. Ta ce kafin kowa akwai Indiyawan ƙasar, wato mutanenta na asali, da gonakinsu da hanyoyinsu a bakin rafuka, cuta da yaƙi da ƙwace suka share su. Sannan Turawa suka gangaro daga arewa da amalanke, Jamusawa da wasu ƙabilu, talakawa masu neman ƙasa mai araha. A lokacin, wurin nan ne ƙarshen duniyarsu, gaba sai daji da duwatsu. Suka sare itatuwa, suka gina ɗaki ɗaya da murhu, suka fasa jan ƙasar nan mai tauri. Waɗanda suka yi ƙarfi suka sayi bayi, wasu kuma addininsu ya hana su. Bayan nan taba ta zo, jirgin ƙasa ya zo, masaƙu suka zo, daji ya zama gari. Ina jinta ina ganin kakana, domin in ka cire sanyi da launin fata, labarin garinmu take ba ni.

A ƙarshen gonar ta buɗe wata rumfa mai duhu. Tun daga bakin ƙofa na ji warin tsohon gawayi. Ga uwar maƙera a kan kututture, ga zugazugi na fata ya bushe, ga awartaki rataye a bango. Ta ce mai hura wutar ya rasu, ba su sami wani ba, yara 'yan makaranta sai dai su leƙa su wuce. Sai ta ƙara da wata magana cikin Turancinta mai nauyi:

"Kakan kakata bawa ne, kuma maƙeri. Ubangidansa yana ba da hayarsa gona gona. Rabin ƙusoshin gidajen yankin nan hannunsa ne. Sunan mai gonar nan yana kan allo a ƙofa, kabarinsa yana can da dutse rubutacce. Namu kuwa ko sunansa ba mu sani ba, maƙeri kawai ake ce masa."

Ban san lokacin da na ɗauki guduma ba. Na ce mata ubana maƙeri ne, kuma ni na san sunansa, na san na ubansa. Ta dube ni ta saman tabarau, ta tambaye ni ko ina da abin yi ranar Asabar. Ragon dai ban saya ba, na sha faɗa a gida.

Haka na fara. Na gyara zugazugin, na hura wuta, hannuna ya tuna abin da kaina ya manta. Duk Asabar ina ƙera ƙusa da ƙugiya da bakin garma irin na mutanen farko, mutane suna tsaye suna kallo. Wani lokaci in ƙera hauyarmu ta Adar in ajiye kusa da tasu, in ce su duba. Ban taɓa jin daɗin wani aiki a Amurka kamar wannan ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ana nan sai wani ɗan Nijar ya kai iyalinsa yawon buɗe ido, ya ɗauke ni bidiyo ina faɗa wa mutane cewa gadon gidanmu ne. Kafin Juma'a ta zagayo bidiyon ya gama guruf ɗin waya na 'yan ƙasarmu. A masallaci aka fara tsokana, wannan ya ce in ƙera masa wuƙar layya, wancan ya ce ashe Sarkin Maƙera muke salla da shi ba mu sani ba. Na yi dariya tare da su. Amma na lura mutum ɗaya bai yi dariya ba, shi ne Alhaji Almu.

Ku jikoki ba ku san shi ba. Ɗan Adar ne kamar ni, daga gidan sarauta na wani gari, yana da kanti, yana kuma tura motoci gida. 'Yarsa Zali ce Bashir yake nema. Tare suka yi jami'a, suna son juna, kowa ya sani, har mun kai gaisuwa an karɓa. Saura kawai a zauna a sa rana. Yarinya ce mai hankali, uwarku har ta fara kiranta 'yata.

Wanda Alhaji Almu ya aiko mini Malam Hamisu ne, Bakano mai koyarwa a jami'a, abokinmu mu biyu. Ya zo gida ya daɗe yana juya kofin shayi kafin ya buɗe baki.

"Malam Isufu, wallahi ni wannan abu naku ya fi ƙarfina. Mu a Kano maƙeri mai sana'a ne, shi ke nan. Amma aike aka yi ni. Alhaji ya ce 'yan'uwansa a gida sun ga bidiyon, sun tayar masa da hankali. Ya ce shi yana son yaron, ba ya son a fasa."

"To mi yake so?"

"Abu biyu. Ka daina zuwa wurin nan. Sannan ranar da za a zauna, wansa zai kasance a waya daga gida, zai tambayi asali a gaban dattawa kamar yadda kuka saba. Ka ce gidanku manoma ne, ƙirar nan a nan Amurka ka koye ta don sha'awa, maganar gado kuma don ka burge Turawa ka yi ta. Kowa zai san yadda abin yake, amma an rufa wa juna asiri, an wuce wurin."

Na ce masa ya shanye shayinsa, zan yi tunani. Gaskiya ban yi wani tunani ba, tun yana magana na san amsata. Abin da na tsaya nema shi ne yadda zan faɗa a gida.

Gidan ya ɗauki zafi makonni. Uwarku, wadda ita ma 'yar maƙera ce, tunda a garinmu a junanmu muke aure, ta fi kowa matsa mini. Kada ku ga laifinta, ta san abin da ake ji idan aka dawo wa mutum da goronsa.

"Malam, kalma guda ce hwa. Baba Mamman ya rasu, yana kabarinsa, ba ya jin ka. Yaron nan kuwa yana raye, gabanka yake ramewa. Kai da ka yi shekara da shekaru ba ka taɓa guduma ba, yau ita za ka riƙe ka saki ɗanka?"

Na ce mata gudumar zan iya ajiyewa gobe, kuma da abin ya tsaya nan da na ajiye ta, ko da raina bai so ba. Amma in zauna gaban dattawa da bakina in ce mutumin da ya ciyar da ni da ƙunar hannunsa ba shi ne ubana ba, wannan ba zan yi ba. Nana ta goyi bayana, sai dai irin goyon bayan 'yan ƙasar nan, da Turanci da ɗaga murya, tana cewa a fallasa Alhaji Almu a duniya. Na ce ta yi shiru, ba faɗanta ba ne, kuma ba a fallasa dattijo.

Kai kuwa Bashir, sau ɗaya ka yi mini magana, a tsaye a bakin ƙofar kicin, rabi Hausa rabi Turanci. Ka ce kai a nan aka haife ka, ba ka taɓa ganin Adar ba, ba ka san wani maƙeri ba, me ya sa za a yanke maka hukunci da abin wani ƙauye? Na ce tambaya ce mai kyau, ka kai ta gidan Alhaji Almu, tunda shi ya ɗauko ƙauyen ya tsallako teku da shi. Ka ce ka kai, shi ba zai motsa ba, saura ni. Na fahimci abin da kake nufi. A cikin dattawa biyu masu taurin kai, kana ganin naka ne ya kamata ya tausaya maka. Ka yi gaskiya a nan, kuma na tausaya maka, har abinci ya daina shiga mini.

Abin da ya fi yi mini nauyi bai faru a gida ba. Wata Asabar ina tsakiyar aiki, na ɗaga kai sai na ga Zali tsaye bayan masu kallo da mayafinta. Ta jira har suka watse. Ta shigo rumfar ta durƙusa a kan ƙasa mai toka, ta gaishe ni kamar yadda uwarta ta koya mata.

"Baba, ni ban damu ba ko mi ne ne asalinku, wallahi ban damu ba. Na yi wa Abbana kuka har na gaji. Ba zan iya aure ba da albarkarsa ba, ba zan kuma iya barin Bashir ba. Don Allah, minti ɗaya ne kawai a waya. Ni na san gaskiya, zan faɗa wa 'ya'yanmu gaskiya."

"'Yata, tashi, za ki ɓata kayanki. Yaushe za ki hwaɗa musu? Ranar suna, dangin ubanki suna zaune? Ko sai sun girma sun zo neman aure, an sake tambaya? Wanda ya ce in yi ƙarya yau, gobe zai ce kada in zo da baƙin hannuna in ɗauki jikansa."

Ta yi kuka sosai, ni ma idona ya kawo ruwa, na ce hayaƙi ne. Na raka ta har mota. Mis Loretta tana zaune a baranda ta ga komai, ba ta jin Hausa, ba ta kuma tambaye ni ba. Ta dai kawo mini ruwa ta ce in tashi haka nan yau.

Kada wani ya ce muku ban nemi hanya ba. Na aika Malam Hamisu ya ce zan daina ƙirar, a bar tambayar asalin kawai, kada a yi ta sam. Alhaji Almu ya ce wansa ya rantse sai ya ji da kunnensa. Na je wajen limaminmu, ya yi huɗuba mai kyau a kan cewa duk 'yan Adam daga ƙasa suke, kowa ya gyaɗa kai, Alhaji Almu ma yana sahun gaba yana gyaɗawa. Bayan salla Alhaji Almu ya riƙe hannuna ya ce, to, Malam Isufu, addini daban, al'ada daban, kai ma ka sani.

Ranar zaman ta zo, wata Lahadi bayan la'asar. Kai ka tuƙa ni, Bashir, ka tsaya a mota a ƙofar gidan tunda ba a shiga da mai neman aure. Har muka isa ba ka roƙe ni ba, ina jin kana ganin idan na ga dattawa zan yi laushi. A falon akwai liman, da Malam Hamisu, da dattawan Nijar kamar yadda aka saba, ga goro da dabino a faranti. Aka jingina waya a kan tebur, fuskar wan Alhaji Almu ta fito da rawani. Aka yi addu'a, aka yi gaishe-gaishe masu tsawo. Sannan ya gyara murya.

"To, Malam Isufu, mun ji alherinka. Amma ka san al'ada. Kai ɗan wane ne, kuma mi ne ne sana'ar gidanku?"

 Alhaji Almu ya kafe ni da ido yana ɗan gyaɗa mini kai, Malam Hamisu ya sunkuya yana kallon kafet. Ban ɗaga murya ba, ban kuma yi sauri ba.

"Ni Isufu ne, ɗan Mamman maƙeri, ɗan Sama'ila maƙeri, wanda ya ƙera gatarin da aka sari dajin garinmu. Uwar yaron ma ɗiyar maƙera ce. Yaron yana salla, yana da aiki, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Mun zo neman ɗiyarku da mutuncinmu. In kun ba mu mun gode, in kun hana mu Allah ya ba ta wanda ya fi shi."

Na waya ya ce to, to, madalla, za su yi shawara. Duk wanda ya san mutanenmu ya san ma'anar wannan shawarar. Alhaji Almu ya miƙe ya kife wayar, ya ce na tozarta shi a gidansa. Na ce tambayata aka yi na amsa. Liman ya yi ta ƙoƙarin gyarawa, amma babu wanda ya taɓa goron. Na yi musu sallama na sa takalmana.

Da na buɗe ƙofar mota ka dubi fuskata, ka tambaye ni da Hausa tsantsa, abin da ba ka cika yi ba:

"Baba, me ka ce musu?"

"Na hwaɗa musu sunan kakanka."

Ka tayar da mota. Ka kai ni har gida a hankali, ka zagayo ka buɗe mini ƙofa, ka jira na shiga. Kafin watan ya ƙare ka nemi canjin wurin aiki zuwa wata jiha mai nisa. Zali ta yi aure bayan shekara biyu, na ji tana zaune lafiya, ina kuma yi mata addu'a har yau. Wasu dattawan sun daina gayyatata sha'aninsu, wasu kuma sun riƙa zuwa a ɓoye suna cewa su ma kakanninsu masu sana'a ne, mahauta ko majema, amma kada in faɗa. Ban faɗa ba, ban kuma ga girmansu ba. Uwarku ta yi wata da watanni tana ajiye mini abinci ba tare da ta dube ni ba.

Yanzu ka yi aure, Bashir, ka haihu. Kana kiran uwarka duk mako, idan ta miƙo mini wayar ka gaishe ni da ladabi, ka tambayi jikina, ka ce a mayar mata. Tana cewa in ba ka haƙuri in ce na yi kuskure, ko za ka kawo mana yaran. Haƙuri ina ba ka, da zuciya ɗaya, domin na san yadda kake son yarinyar nan, na kuma san bakina ne ya raba ku. Ina kewarka fiye da yadda zan iya rubutawa. Amma kuskure ban yi ba, kuma ko gobe aka sake jingina wayar nan a gabana amsar ba za ta canja ba. 'Ya'yanka a ƙasar nan za su zauna, kai da su ne farkon zuriyarmu a nan. Ranar da suka tambaye ka su jikokin wane ne, ba sai ka tsaya tuna ƙaryar da aka shirya ba, za ka buɗe baki kawai ka faɗa. Wannan na sama maka a falon Alhaji Almu. Na san kai ka ɗauki nauyinsa ba ni ba, kuma ban shawarce ka ba kafin in ɗora maka.